Dutsen da Ya Yi Hazo

Da a ce ɓacewa dutsen ya yi, da abin ya zo wa mutanen layin masu zinariya da sauƙi. Amma ga shi nan kwance a kan teburin shago, cikin ɗan akwatinsa, bai kai ƙwayar wake ba, kuma duk da haka ana cewa an sace shi.

Wata ungozoma ce da ta yi ritaya ta saye shi ta intanet. Ta ga bidiyonsa, daimon garau kamar ɗigon ruwan sama, ta biya kuɗin da ya kusa ninka na 'yan'uwansa, aka aika mata. Da ta fito da shi tsakar gida rana ta haska shi, sai ya yi hazo kamar ido mai yana, ga kuma wani baƙin ɗigo zaune daram a tsakiyarsa. Ba ta tsaya buga waya ba. Mota ta shiga ta kawo abinta da hannunta, ta dangwarar a gaban Babban Yaya, mai shagon, ta ce wannan ba shi ne wanda ta gani ba.

Babban Yaya ya sa ƙanensa Auta ya buɗe masa bidiyon a kwamfutar shago. Ya kalli na allo, ya kalli na tebur, ya ga ko makaho ba zai ce abu ɗaya ba ne. Sai ya bi hannayen da dutse ke ratsawa kafin ya bar shagon, ya tsallake nasa, ya tsallake na ƙanensa, ya tsaya a kan na ƙarshe, wato Maman Biyu, wadda ke naɗe kaya ta kai kamfanin saƙo. Kuma bai faɗa mata a ɗaki ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya faɗa, da muryar da ta kai ƙarshen layi.

Kafin la'asar kowa ya zama shaida. Wanda bai taɓa kallon ƙafarta ba ya tuna ya gan ta da sabon takalmi. Wadda ta sha cin bashin gaisuwarta ta ce dama shiru-shirun nan nata bai taɓa kwanta mata ba.

*

Maman Biyu ta dawo gida ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki. Mahaifinta yana kan kujera yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi. Mai Sawu ake ce masa. Ƙuruciyarsa duk a daji ta ƙare, yana bin ɓarayin shanu ga duk wanda ya kira shi, har ƙafafun suka ce sun gaji. Tun da mijin 'yarsa ya rasu yake zaune a wurinta, kuma albashinta ne ke riƙe da shi da jikokinsa biyu.

Ta ba shi labari ba hawaye, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

"Ya ce in ban fito da shi ba, 'yan sanda zai kira."

"Kin ɗauka?"

Ta ɗago ta dube shi. "Baba."

"Tambaya ce, ai ba zagi ba ne."

"Ban ɗauka ba."

Ya rufe kwalbar man, ya laluba sandarsa. Ba ya son fita, ba ya son hayaniyar gari, kuma bai san komai game da daimon ba sai dai cewa masu kuɗi na sonsa. Amma ya san abin da ke samun mace in an taɓa kiranta ɓarauniya a layin da ake cinikin amana. Ko shara ba wanda zai sake ba ta.

*

Babban Yaya mutum ne mai tumbi da gajeriyar zuciya, amma ya san girman furfura. Ya ba tsohon kujera, ya saurare shi yana kaɗa ƙafa.

"Baba, da girmanka, amma uba ne zai binciki 'yarsa?"

"Na taɓa bin sawu ya kai ni gidan ƙanen uwata. Ban juya ba."

"Nan ba daji ba ne."

"Na gani. Daji ya fi nan tsabta."

Tsohon maƙerin shagon, wanda ke can lungu yana goge wani zobe, ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce a bar dattijo ya gwada, tunda 'yan sanda in suka shigo shagon zinariya ba sa fita da wuri. Wannan maganar ce ta shiga kunnen Babban Yaya. Ya ce ya ba su zuwa gobe lokacin tashi, daga nan ba ruwansa.

Mai Sawu ya tambayi hanyar da dutse ke bi. Aka ce Auta ne ke oda daga dillalai, shi ke karɓa, ya ɗauki bidiyo, ya sa farashi a shafin shago. Babban Yaya ya duba takardar shaida, ya ɗora dutsen a sikeli, ya kulle a akwatin ƙarfe. In an saya, ya miƙa wa Maman Biyu.

"Kai kana duba dutsen da idonka?"

"Takarda nake dubawa. Ita ce ba ta ƙarya."

"Wannan da aka dawo da shi, ya saɓa wa takardar?"

"Nauyi ɗaya, launi ɗaya, tsabta ɗaya. Ai wayon ɓarawon ke nan. Ya samo mai arha da ya dace da takardar ya musanya."

*

Mai Sawu ya ja kujerarsa zuwa lungun Maƙeri. Wurin na warin ƙonannen ƙarfe, teburin duk zane-zanen zarto.

"Malam, fahimtar da ni. In takarda ɗaya ce, me ya raba kuɗinsu?"

Maƙeri ya ɗauko dutsen da hantsaki, ya miƙa masa ɗan gilashin da ake mannawa a ido. Mai Sawu ya sha wahala kafin ya ga komai, sannan baƙin ɗigon ya bayyana kamar ƙuda a cikin kofin ruwa.

"Takarda takan ce akwai tabo, kuma ƙarami ne," in ji Maƙeri. "Irin tamu ba ta cewa ga inda yake. In a gefe yake, ni ne maganinsa, sai in kwantar da haƙorin zobe a kansa, har abada ba mai gani. In a tsakiya yake kamar wannan, sai dai haƙuri. Sannan akwai wanda a ɗaki lafiyarsa ƙalau, da ya ga rana sai ya yi hazo. Akwai wanda mai yankan ya bar masa ciki don ya yi nauyi, sai ya ci sikeli amma ba ya walƙiya. Su kansu masu ba da takardar ba ɗaya ba ne, wani gidan hannunsa a matse, wani in ka kai masa gilashin taga ma sai ya yaba."

"Kamar shanu ke nan. Sa'anni biyu, kala ɗaya, girma ɗaya, amma wanda ya sani ya san wadda zai kora gida."

"Ka gama ganewa. To a kasuwar shanu kana taɓawa. A waya fa? Takarda ce da bidiyo. Takarda ta kawo ka bakin ƙofa, bidiyo ya ciro kuɗin daga aljihunka."

"Ba su da wata alama a jiki?"

"Manyan gidaje suna rubuta lamba a gefen dutse. Mu ƙarfinmu bai kai nan ba."

"Kai ka ga mai kyan da idonka?"

Maƙeri ya girgiza kai. Ya ce tsurarsa aka saye shi, ba a kan zobe ba, don haka bai biyo ta teburinsa ba.

*

Ɗakin hoto yana can ƙurya, ba taga, ƙofarsa mai nauyi. Akwai fitilu biyu masu dogon wuya da wani ɗan faifai da ke juyawa da kansa. Auta ya girmi sunansa, har ya fara sanƙo, kuma idanunsa sun yi ja irin na mai kwana da waya a hannu.

Ya nuna wa tsohon shafin shago a kwamfuta. Duwatsu jere, kowanne na juyawa shiru, kowanne da kuɗinsa a ƙasa.

"Baba, kasuwar yanzu ba irin taku ba ce. Mutum yana kwance a gadonsa zai buɗe shago goma, ya jera takardu iri ɗaya, ya zaɓi mafi arha. In kana so ya biya ka fiye da haka, sai ka nuna masa abin da zai hana shi barci."

"Wannan ya hana ta barci kuwa."

"Dutse ne na gaske." Ya faɗa yana kallon allon, da wata irin murya mai taushi.

"Kana ganin 'yata ce?"

Auta ya shafa ƙeya. "Ni ban ce ba. Wataƙila a hanya ne. Ko ita matar, wa ya san abin da ta yi da shi a gidanta?"

Mai Sawu ya riga ya duba kwalin da aka aika dutsen a ciki. Salatif ɗin 'yarsa ne, ya san naɗinta, kuma wuƙa ɗaya ce ta taɓa shi. Ya zauna ya huta a kan wata kujera mara baya, yana kallon dutsen na juyawa a allo, har ya ji kansa ya fara juyawa tare da shi.

*

Mai gadin layin yana da benci a gindin fitilar titi, kuma duk labarin da bai zauna a bencin nan ba bai cika labari ba. Da ya ga Mai Sawu sai ya matsa masa, yana fuskar tausayi da ba ta ɓoye jin daɗinsa ba.

"Baba, ni ba na shiga abin da ba ruwana. Amma ranar da aka aika kayan nan, da idona na ga ta shiga shagon Dogo da jakarta, ta jima, sannan ta wuce kamfanin saƙo."

Dogo shi ne mai shagon ƙarshen layi, kuma tsakaninsa da gidan su Babban Yaya ko ga maciji ba a yi.

Tsohon ya koma gida a hankali, ya tarar da 'yarsa tana wanke kayan makarantar yara.

"Me ya kai ki wurin Dogo?"

Hannunta ya tsaya a cikin kumfa. "Ba abin da ya shafi dutse."

"To mene ne?"

"Baba, na ce maka ban ɗauka ba. Bai isa ba?"

Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

*

Da safe ya tafi shagon Dogo. Bai shiga da tambaya ba. Ya ce zobe yake nema wa jikarsa, ya sa aka yi ta fito masa da tire-tire, idonsa na bin kowane dutse mai haske da ke cikin gilashi. Dogo ya ƙyale shi ya gama, sannan ya mayar da tiren.

"Baba, kifi na ganinka mai jar koma. Ni ban taɓa sayar da daimon ba, jarina bai kai ba. Duk abin da ka gani nan gilashi ne da kwalliya."

Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur, cike da sarƙoƙin duwatsun ado masu arha.

"Ga abin da ke kawo ta. Takan karɓa ta shirya mini a gida, in biya ta a kan kowace sarƙa. Ta roƙe ni kada in faɗa, wai marigayi uban su Babban Yaya ne ya ɗauke ta aiki lokacin da ba ta da kowa, kunya take ji a ce tana yi wa abokin gabarsu aiki. Kai a gidan kake, ba ka taɓa ganin tana yi ba?"

Bai taɓa gani ba. Shi da ke gane saniya mai ɗingishi daga sawunta, bai lura da abin da 'yarsa ke yi a bayan labule ba. Ya fito daga shagon da kunya da sauƙin zuciya a haɗe, ga kuma rana ta ɗaga, ba shi da komai a hannu.

*

Saura mutum ɗaya. Ungozoma ta sauka a gidan wata ƙanwarta, ta ce ba za ta bar garin ba sai da dutsenta ko kuɗinta. Mace ce mai faɗin kafaɗa, da ganin hannayenta ka san sun yi aiki. Ta ba shi ruwa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne uban yarinyar? To ni ban ce ita ce ba. Ni dai na san abin da na gani. Duk rayuwata ina karɓar 'ya'yan mutane, ban taɓa saya wa kaina abin da ya wuce atamfa ba. Na ce kafin in mutu sai na riƙe abu ɗaya mai kyau da ba na kowa ba. Na ga masu arha, takarda iri ɗaya, na tsallake su saboda wannan."

"A shafinsu kika gani?"

"Da farko. Da na yi ta jan ƙafa, sai yaron ya turo mini cikakken bidiyon a wayata, wai in gani da kyau. Ga shi."

Wayar tsofaffi ba ta san rage murya ba. Bidiyon ya buɗe da ƙarar ɗan faifan nan mai juyawa, dutsen na watsa haske. Can sai aka yi tari a kusa. Busasshen tari ne na dattijo, mai fitowa daga ƙasan ƙirji ya ƙare da ɗan fito, irin wanda ya daɗe da zama a jikin mai shi.

"Sake kunna mini."

Ta sake. Wannan karon bai kalli dutsen ba, ya rufe ido.

"Wannan ƙirjin ya ci ƙura," in ji Ungozoma. "Tun ranar na ce mai tarin nan yana buƙatar asibiti."

Mai Sawu ya daɗe a shagon jiya, kuma bai ji ko gyaran murya ba. Abin da masu koyon bin sawu ke mantawa shi ne, sanin mai sawu rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin yaushe aka taka. Sau nawa ya ga samari sun bi sawun bara da gudu, suna murna sun kusa kama ɓarawo.

Ya roƙe ta ta zo shagon da yamma, ta taho da wayar. Shi kuma ya biya ta lungun Maƙeri.

"Malam, wa ke tari a shagon nan?"

"Tari kuma? Ba kowa." Ya ci gaba da aikinsa, sannan hannunsa ya tsaya. "Tun dai da mai gidan, uban su Babban Yaya, ya rasu, shekara biyu ke nan. Shi kam ƙurar goge zinariya ta gama da ƙirjinsa. Me ya sa ka tambaya?"

"Yakan shiga ɗakin hoto?"

"Kullum. Ya ce bai yarda da na'urar da ke juya dutse ba mutum a kusa."

*

Da lokacin tashi ya yi, Babban Yaya ya sa aka ja ƙofa. Yana bayan teburinsa, Auta na jingine da akwatin ƙarfe, Maƙeri a kan kujerarsa, Ungozoma ta rungume jaka. Maman Biyu ta ƙi zama. Ta gilashin ƙofa ana hango mai gadi ya matso da bencinsa.

Mai Sawu bai iya dogon jawabi ba, kuma gwiwoyinsa na zugi.

"Dutsen da aka sayar wa baiwar Allah nan, yaushe ya shigo shagon?"

"Watan jiya," in ji Babban Yaya.

"Wa ya ɗauki bidiyonsa?"

"Ni," in ji Auta. "Ranar da ya iso."

"To. Hajiya, kunna mana."

Faifan ya fara ƙara. Dutsen ya juya. Sannan tarin ya cika shagon.

Babban Yaya ya miƙe tsaye bai sani ba, kamar yadda ya saba yi in mahaifinsa ya shigo. Maƙeri ya sunkuyar da kai yana salati a hankali. Ba wanda ya tambayi na wane ne.

"Ni ban san marigayi sosai ba," in ji Mai Sawu. "Amma wanda ya rasu shekara biyu bai yi tari a watan jiya ba. Ba a musanya dutse ba. Wanda ke kan tebur shi aka saya, shi aka naɗe, shi aka aika. Bidiyon ne na wani dutsen."

Auta ya zame ya zauna a ƙasa. Bai yi musu ba, da alama ma ya gaji da riƙon abin.

"Dutsen da ke bidiyon na Baba ne," ya ce. "Na ƙarshe da ya zaɓo da kansa. Tun yana raye aka sayar. Yaya, irin waɗannan yanzu ba ma iya sayensu. Abin da kuɗinmu ke kawowa shi ne masu tabo a tsakiya da masu hazo, in na sa hotonsu na gaskiya sai su yi wata da watanni ba mai tayawa. Ranar da na gwada sa wannan bidiyon, kafin dare an saya. Na ce ai takarda ɗaya ce, ban yi wa kowa ƙarya a rubuce ba."

"Sau nawa?" in ji Babban Yaya.

"Ba wannan ne na farko ba. Sauran ba su dawo ba."

"Ka ci amanar gidan nan."

"Kuɗin a asusun shago suka shiga. Kai ka ce hannuna na da albarka. Ka taɓa tambaya ta yadda aka yi?"

Babban Yaya ya mayar da idonsa kan dutsen.

Ungozoma ce ta yi tambayar da ta rage. "Da aka kira yarinyar nan ɓarauniya a gabanka, ina bakinka yake?"

"Na ɗauka abin zai lafa."

*

Babban Yaya ya koma kujerarsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka ƙwarai. Ya ce za a mayar wa Hajiya kuɗinta har da na mota. Ya ce Maman Biyu ta dawo aiki gobe, zai ƙara mata wani abu. Sannan ya ce, don darajar wanda aka ji muryarsa yanzu, yana roƙo maganar ta mutu a ɗakin nan.

"Ba a ɗakin nan aka haife ta ba," in ji Maman Biyu. Tun da aka shigo sai yanzu ta yi magana. "A bakin ƙofa ka faɗa, Yaya. Can za ka je ka gyara."

Ya dubi Mai Sawu ko zai sa baki, tsohon ya kau da kai. Ya dubi ƙanensa a ƙasa. Sannan ya tashi da ƙyar ya buɗe ƙofar. Masu rufe shaguna suka dakata da kwaɗo a hannu.

"Ba ita ba ce," ya ce.

Bai ɗaga murya kamar jiya ba. Na kusa sun ji, na nesa suka tambayi na kusa.

"To wane ne?" in ji mai gadi.

Babban Yaya ya juya ya koma ciki.

Maman Biyu ta ciro makullin ɗakin naɗe kaya daga jakarta, ta ajiye a gefen dutsen, ta ce wa mahaifinta su tafi.

*

Suka bi layin a hankali saboda ƙafafunsa. Wasu suka gaishe ta da fara'ar da ta yi yawa, wasu suka shagala da kwaɗonsu. A bayansu ya ji wata na cewa ai dama manya sun iya rufa wa juna asiri, ta yiwu ta mayar ne aka yafe. Ya san 'yarsa ma ta ji. Ya yi abin da ya iya, kuma ya ga iyakarsa, wannan ne ya fi gwiwoyin yi masa ciwo.

Sai da suka bar layin ta yi magana, ba ta dube shi ba.

"Dogo ya ce ka je wurinsa da safe."

"Na je."

"Ya ce ka sa an fito maka da tire-tire. Baba, da ka shiga, abin da zai wanke ni ka je nema, ko dutsen?"

Ƙarya ɗaya ƙarama za ta wadatar, kuma ya san tana so ta ji ta. Ya neme ta a bakinsa bai samu ba.

"Dutsen," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Suka ci gaba da tafiya, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. A bakin babban titi akwai kwalbatin da murfinsa ya karye, inda kullum sai ya tsaya ya auna kafin ya taka. Ta riga shi tsallakawa, ta tsaya a can gefen tana kallon motoci. Sannan ta miƙo masa hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba.